Katin Taka Ƙasa

Ni ban taɓa ganin teku ba. Babban ruwan da na sani shi ne Gulbi in ya kawo da damina, ya hau gonakin fadama, mutane su tsaya bakin gada suna kallonsa. Amma ɗana na fari, wanda na haifa a ɗakin mahaifiyata a Tibiri, cikin jirgin ruwa yake neman abincinsa. Ya fara ne da bin motar wani Alhaji na Sabon Gari zuwa Kwatano ɗaukar kaya. Yau da gobe ya saba da mutanen tashar jiragen, sai kawai muka ji wai ya shiga, yana ɗakin inji, shafa mai da goge-goge. Mahaifinsa ya rasu bai gama yarda da wannan aiki ba.

Ba ya kirana, ni ma ba na kiransa. Wanda ya tashi a cikinmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ɗan fari ne, kuma sunan kakansa, mahaifin mijina, aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ana yaye shi yayar mijina ta goya shi zuwa Jiratawa, can ya girma, ita yake ce wa Inna. In ya zo gidanmu na unguwar Zariya a Maradi sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. "Wancan na ruwa" nake cewa, kowa ya gane. In baƙuwa ta tambaye ni ko nawa ne, sai in ce na gwaggonsa ne, a wuce wurin.

Saƙonninsa a salular ƙanwarsa suke shigowa, ɗiyata da ke zaune tare da ni tana ɗinki. Sai ta ƙara murya ta aje salular bisa tabarma, ni kuma in jawo tiren zogale in yi kamar tsinka nake. A ƙarshe yakan ce, "Ki gaida mutanen gida." Ni ce mutanen gidan.

Wata shekara bayan girbi na ji muryar ta sake. Da can mai labari ne, ya faɗi garin da ya ga ana sayar da kifi ya fi akuya girma, ya faɗi inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Yanzu sai ya tambayi abu, a ba shi amsa, saƙo na gaba ya sake tambaya. Dariyarsa ta gajarce. Na ce da ɗiyata, "Tambaye shi mi ke damunshi."

Ta ce, "Mama, ga salular, ki tambaye shi mana."

Na ce, "Ke dai tambaye shi."

Amsar ta zo da tsawo. Ashe ya koma wani jirgi babba mai zuwa nesa. Duk tashar da suka tsaya, abokan aikinsa su yi wanka, su sa kayan kirki, su sauka cikin gari, su dawo da yamma. Shi kuwa sai ya tsaya bisa jirgi yana kallon bayansu. Wai ƙasashe sun yi shawara a tsakaninsu sun fitar da kati iri ɗaya na ma'aikatan jirgin ruwa, da hoton mutum a jiki, na'ura ke karanta shi. Mai wannan kati, a wurare da dama, ana barinsa ya sauka ya miƙe ƙafa ba sai ya nemi biza ba. Ɗan littafin da yake riƙe da shi tun yana ƙananan jirage kuwa, can nesa ba kowa ke dubansa ba.

"Tun kafin damina ban taka ƙasa ba," in ji shi. Ya yi ƴar dariyar nan tasa. "Ina hango mutane suna tafiya bisa titi, kamar in kira su su amsa."

Daga ranar zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in aje tsintsiya, in sake ɗauka. Na ɗora miya na manta gishiri. In na tsaya salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Yaron da ya tashi yana gudu bisa kunyoyin Jiratawa, ƙafa duk taɓo, shi ne aka ce ya yi damina guda cikin ƙarfe. Mutane suna ce mini mai haƙuri, kuma ban musa ba, amma haƙurina na abin da ake jira ne a zaune. Wannan kuwa in na zauna sai in ji kamar ni ce na riƙe shi a can.

Abin da ya tsaya shi ne takardar haihuwa. Masu ba da katin a can bakin teku suna son ta, ta ainihi, su haɗa da sauran takardunsa. Tasa tana cikin akwatin mahaifinsa lokacin da damina ta kayar da ɗakin waje, takardun suka zama kunu. Mahaifin nasa ɗan fatauci ne, shi kaɗai ya san garin da ya cire ta, ya kuma tafi da saninsa. Ɗiyata ta ce jirgin zai dawo Kwatano kafin azumi, ya ɗan tsaya, ya sake juyawa. In takardar ba ta riga shi isa ba, wata doguwar tafiyar ce zai yi a haka.

Na shiga yawo. Yau adaidaita zuwa ma'aikatar magajin gari, gobe mota zuwa Tibiri, jibi in dawo inda na fara don ko an duba wani littafin. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Sun duba, ba su gani ba. Wata ma'aikaciya a Tibiri, mai hankali, ta zaunar da ni ta ba ni ruwa, ta ce, "Iya, ki huta da wagga tahiya. Alƙali na nan zuwa garin nan ya zauna don waɗanda ba su da takarda. Ki zo da shaidu biyu da sunka san haihuwar. Ke ma uwar ki zo da kanki."

Washegari na nufi Jiratawa. Na iske su a gona, ana ban ruwa. Ƙanen mijina yana tsaye cikin magudana da fartanya, yana buɗe wa albasa ruwa. Gwaggon yaron, wadda nake ce wa Yaya, tana zaune gindin zogale tana ɗaure ganye.

"Maraba da matata," in ji ƙanen mijina. "Yau dai kin yanke shawarar tarewa? Ina kayan?"

Na ce, "Sai ka wanke ƙafa tukuna."

"Kin ji ta, Yaya? Ƴan birni."

Da na faɗi abin da ya kawo ni, wasa ya tsaya. Yaya ta aje ganyen ta ce, "Mi ye na wahala? Ni in tashi in ce ni na haihe shi. Wa ya goya shi da ƙyanda? Wa ya kai shi lakwal karatun boko shina kuka?"

Raina ya so hakan ƙwarai. Amma ɗiyata ta riga ta ja mini kunne, ta ce sunana ne ke jikin katinsa na ɗan ƙasa a matsayin uwa, kuma in takarda ta saɓa wa takarda, can bakin teku ba mai sauraron bayanin riƙo. Na faɗa wa Yaya haka a hankali. Ta ɗauki ganyenta ta ci gaba da ɗauri. Can ta ce, "To sunan fa? Wa zai faɗe shi?"

Muka dubi juna mu uku. Sunan mahaifinsu ne. Su ma ba su taɓa kiran yaron da shi ba, da laƙabi suka raine shi.

"Ni dai," in ji ƙanen mijina, "ba ni kiran sunan tsohona gaban jama'a, ko alƙalin alƙalai ne." Ya toshe ruwan da ƙasa, ya miƙe, ya nuna ni da fartanya. "Ke da kinka yi yaƙi da jahilci, kinka hana mu sakat da karatu, ba sai ki rubuta ba? Rubutu ai ba faɗa ba ne."

Da wannan dabara na koma gida, ina jin kamar an sauke mini kaya. Sai da na ɗauki biro na gane ko a rubuce ban taɓa yin sunan ba. Lokacin karatun manya malamarmu ta ce kowace ta rubuta sunayen ƴaƴanta, ni daga na biyu na fara, kuma ba ni kaɗai ba ce a ajin. Na rubuta shi a bayan kwalin ashana, na duba, na yaga. Na sake rubutawa a takarda mai kyau, na ninke, na ɗaure a bakin zane. Kafin ranar ta zo na kwance na duba ba adadi, kamar zai gudu.

Ranar zaman, an kafa rumfa a fili, an jera bencina. Tibiri garinmu ne, abin da ban yi lissafi da shi ba ke nan. Ko'ina na juya fuskar da na sani ce. Ga waɗanda muka yi tashen ƴanmatanci tare, ga tsofaffin da suka yi mini wankan jego, sun rako jikoki. Wata ƙawar mahaifiyata, wadda ido ya fara bari amma kunne yana nan, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyar wance ce? Mai kunyar nan? Allah ya yi maki albarka, irinku sun ƙare."

Muka zauna jira. Rana ta yi sama, jarirai na kuka, ana kiran mutane gida gida. Na tashi na je bakin randa, ban sha ba na dawo. Na sake tashi. Yaya ta ce, "Zauna mana, kin sa ni juwa."

Bayan azahar aka kira mu. Alƙalin ba babba ba ne, zai yi sa'an yaron. Magatakarda na gefensa da tulin takardu. Alƙalin ya tambayi ƙanen mijina sunan wanda ake nema wa takarda, shi kuwa ya faɗi laƙabin nan na gida. Mutane suka yi dariya. Na yi sauri na kwance bakin zane na miƙa takardata. Alƙali ya buɗe ya karanta sunan da ƙarfi. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Shi ne?" in ji shi.

Muka gyaɗa kai.

"Gyaɗa kai ba shaida ba ce. Ku faɗa."

Su biyun suka ce shi ne. Na ce a raina an wuce wurin, dabara ta yi. Sai alƙali ya juyo gare ni ya ce, "Iya, wanga mai suna haka, mi ne ne shi gare ki?"

Ban yi tunani ba. Bakina ne ya bi hanyar da ya saba bi tun ina yarinya. Na nuna Yaya na ce, "Ɗan wagga ne."

Magatakarda ya ɗaga biro. Alƙali ya dubi hoton katin ɗan ƙasan yaron da ɗiyata ta buga mana, ya dube ni, ya dubi Yaya. Ya ce, "Nan an rubuta ke ce uwa. Ke kuma kin ce ga uwa. Ba ni sa hannu a kan magana biyu. Ku koma gefe ku daidaita bakinku, in da sauran lokaci a sake kiranku."

Aka kira na bayanmu. Muka koma bayan rumfa, gindin katanga, inda inuwa ta fara sauka. An riga an faɗa cewa da la'asar alƙali zai tashi, kuma ba wanda ya san yaushe zai sake zuwa.

"Haba matata," in ji ƙanen mijina, amma ba da wasa ba. "Mun ci gona har mun kai ƙarshen kunya, kin zubar."

Ina ta murza bakin zanen da babu komai a ciki yanzu. Yaya ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun da na ɗauke shi kike cewa nawa ne. Yau ma kin faɗa gaban hukuma, na ji, na gode. To tashi ki amshi abinki. Yaro na can bisa ruwa, mu muna nan muna kunya."

Na ce, "Yaya, gaban su wance?"

"Su wance ne za su sauko da shi?"

Ƙanen mijina ya je ya tsaya kusa da magatakarda, yana ta ranƙwafawa yana magana. Aka kira la'asar, mutane suka ragu, amma matan nan ba su tafi ba. Sun ga abin da ya faru, suna son ganin ƙarshensa. Magatakarda ya fara ɗaure takardu da roba, sannan alƙali ya yafito mu da hannu.

"To, Iya. Na san abin da ke gare ki, nan ƙasar na tashi. Amma wanda zai duba wagga takarda a can bai san mu ba. Mi ne ne shi gare ki?"

Na faɗa. Ni kaina ban ji ba. Wata mota ta wuce a lokacin.

"Ɗaga murya kaɗan."

Na dubi teburin, na ga wani ɗan tsage a jikin katakon, na kafe shi da ido. Na ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi, a garin nan, a ɗakin mahaifiyata." Ba wanda ya tambaye ni sunan yaron, an riga an karanta. Amma sai na ji shi ya fito, gaba ɗayansa, sunan surukina, da muryata. Ya yi mini nauyi a harshe kamar na wani baƙo.

Daga bayana na ji ƙawar mahaifiyata tana salati. "Ita ce ta faɗa? Da bakinta? Kai, zamani." Wata ta yi dariya, wata ta ce a'a, ku bar ta. Alƙali ya sa hannu, ya ce a saurari takarda.

A mota Yaya ta zauna ta taga ta juya fuska waje. Ƙanen mijina ya gwada wasa sau ɗaya, ba wanda ya kama masa. Da muka iso Maradi na ce ta kwana gidanmu, ta ce ganye na jiranta. Suka shiga motar Jiratawa.

Takardar ba ta fito da wuri ba, ko kuwa ni ce na ga haka. Ina zuwa tambaya har ma'aikaciyar nan ta fara cewa, tun daga nesa, "Ba ta iso ba, Iya." Da ta fito, ɗiyata ta ɗauki hotonta ta tura masa, ta ainihin kuma muka sa ta cikin leda muka ba wani direba na Sabon Gari da ya san shi tun suna bin mota. Sai na koma jiran direba. Da ya isa, na koma jiran jirgi. Da jirgi ya iso aka ɗauki hotonsa, na koma jiran kati. Ɗiyata ta ce in na ci gaba da leƙa salularta haka za ta saya mini tawa. Ana gab da ganin wata ya turo cewa ya karɓa, kuma sun tashi.

Ban yi murna ba tukuna. Na ce sai na ji an gwada.

Cikin azumi, da hantsi, saƙo ya shigo. Tun kafin ya yi magana na ji ƙarar motoci a bayansa, da wata mata tana kiran ciniki cikin yaren da ban sani ba. Ya ce mai tsaron ƙofa ya sa katin a na'ura, ya dube shi, ya miƙo masa, shi ke nan. Ya ce da ya fara tafiya titin ne ya riƙa lilo da shi, sai da ya dafa bango, abokansa na yi masa dariya. Ya shiga wurin aski. Ya sayi silifa da ba ya bukata. Ya yi ta tafiya har ya ɓata, sai da wani mai taksi ya mayar da shi tasha. Yana ta zuba, bai maimaita komai ba.

Na ari salular na kai wa Yaya, don ita ya kamata ta fara ji, ko da yake na riga ta. Tun ranar Tibiri ba mu haɗu ba. Ta karɓe ni da gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙon kirki. Na kunna mata. Ta kara a kunne ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Na sake.

"Aski ya tahi yi," in ji ta. "Duk wanga lokaci wa ke yi mai?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ki tambaya ba?"

Na ce ban tambaya ba.

Ta yi tsaki kaɗan, ta miƙo mini salular. Ta ce in danna mata wurin magana. Na danna, na koma gefe na ba su wuri. Ina jin ta tana yi masa faɗa, wai mutum da azumi a baki ya kama yawo cikin garin da bai sani ba, in ya sake ɓata wa zai nemo shi. Ta ce in an bar shi ya sauka, ya riƙa bin na gaba da shi, ya kuma dawo da rana a sama.